Tarihin Matsuo Basho, Mawaƙin Ƙasar Japan

Malaman da suka saba da waƙoƙinmu masu baiti ɗari ko fi za su yi mamaki in sun ji akwai ƙasar da ake gama waƙa da gaɓa 17 tak, watau biyar, da bakwai, da biyar. Sunanta haiku, baiti guda na ƙwar biyar ma ya fi ta tsawo. Wanda ya ɗaukaka ta a Japan shi ne Matsuo Basho.

An haife shi a 1644 a Ueno, cikin lardin Iga. Ubansa ƙaramin barde ne. Ya zama baran ɗan wani basarake, Todo Yoshitada, suka riƙa yin waƙa tare. Da ubangidan ya rasu a 1666, sai Basho ya rasa madogara. A 1672 ya tafi Edo, wadda yanzu ake kira Tokyo.

A zamanin nan waƙar abin nishaɗi ce. Mutane kan taru, wani ya kawo baitin buɗewa, wanda ake ce wa hokku, saura su yi ta ƙullawa bi da bi. Sunan haiku ma sai wajen shekara 200 bayansa ya bazu, ta hannun Masaoka Shiki. Basho ya yi suna, ya sami almajirai, amma a 1680 ya bar tsakiyar birni ya koma wata bukka a Fukagawa. Wani almajiri ya ba shi wata irin ayaba, mai suna basho da harshensu, aka dasa a ƙofar bukkar. Daga nan laƙabinsa ya fito.

Ƙa'idar baitin ita ce a sa kalmar da ke nuna lokacin shekara, da wata mai yanke zance gida biyu, a ajiye abu biyu kusa da juna, a bar mai ji ya haɗa su da kansa. Mawaƙi ba ya fassara. A ganinmu nan wuyar take, gama ƙara magana ya fi rage ta sauƙi.

A 1689 ya kama hanyar arewa da almajirinsa Sora, suka yi kwana wajen 150, tafiyar mil 1,500, yawanci a ƙasa. Daga ita ya rubuta littafinsa Oku no Hosomichi, wanda bai fi ƙasida girma ba, amma ya yi shekara kusan biyar yana gyaransa. A 1943 aka buga littafin ajiyar Sora na kullum, aka gwada, sai aka ga Basho ya sāke waɗansu abubuwa don tsarin labari ya yi kyau. Akawu ya yi haka ya shiga uku, amma mawaƙi da nasa hurumin.

Ciwon ciki ya kama shi a Osaka, ya rasu a 1694 yana da shekara 50. Aka binne shi a Otsu, kusa da tafkin Biwa. Littafin bai fito ba sai a 1702.