Nettie Stevens: Matar da ta wanke mata daga gorin haihuwar 'ya'ya mata

Ka taɓa jin an yi wa mace gori don ta jera 'ya'ya mata huɗu ko biyar? Wataƙila ma a gidanku ko a maƙwabta aka yi, har dangin miji suka fara zancen a ƙaro wata. To, yau ga labarin matar da bincikenta ya nuna gorin nan ba shi da tushe.

Sunanta Nettie Stevens. An haife ta a 1861 a garin Cavendish da ke jihar Vermont a Amurka. Mahaifinta kafinta ne, mahaifiyarta kuwa ta rasu tun Nettie tana ƙarama. Ta yi shekaru tana koyarwa da aiki a ɗakin karatu, tana tara 'yan kuɗinta, sai da ta kai shekara 35 sannan ta shiga Jami'ar Stanford a 1896. Kai da ke ganin karatu ya wuce ka don ka kai 25, ka ji fa! A 1903 ta kammala digirin digirgir a Kwalejin Bryn Mawr.

A zamanin, masana da dama sun ɗauka abincin da uwa ke ci, ko zafi da sanyi, su ke sa ɗan tayi ya zama namiji ko mace. Nettie ta duƙufa da madubin likita a kan wani ɗan ƙwaro da tsutsarsa ke cin garin hatsi. Ta ƙirga kuromosom ɗinsa, wato 'yan zarurrukan da ke cikin ƙwayar halitta masu ɗauke da gado daga iyaye. A jikin tamata ta samu manya 20. A jikin namiji kuwa manya 19 ne da ƙarami guda. Ta kuma lura maniyyin namijin kashi biyu ne: mai ɗauke da ƙaramin, da wanda babu shi. A 1905 ta wallafa sakamakon: ƙwan da ya haɗu da mai ƙaramin shi ke zama namiji.

Daga baya aka tabbatar haka abin yake ga ɗan Adam. Muna da kuromosom 46, biyu daga ciki ne na jinsi. Mace XX gare ta, namiji XY. Ƙwan mace kullum X yake bayarwa, maniyyi ne ke zuwa da X ko Y. In X ya riga shiga ƙwan, mace za a haifa, in Y ne, namiji. Shi ma mijin ba shi ke zaɓa ba, balle a ɗora wa matar laifi.

A shekarar ce wani sanannen masani, Edmund Wilson, ya gano makamancin haka, kuma an daɗe ana ambaton sunansa fiye da nata. Kwalejinta ta ware mata kujerar bincike ta musamman, amma ba ta kai ga hawa ba: sankarar mama ta yi ajalinta a 1912, tana da shekara 50.

Don haka in ka sake ganin an tasa wata baiwar Allah gaba, a zauren WhatsApp na dangi ko a gidan suna, kar ka tsaya da tura alamar dariya. Ka yi musu bayanin X da Y cikin ladabi. Ba mamaki bayanin nan naka ya tsare auren yayarka.