Luwis Martin, Mai Gyaran Agogo

A wannan wata labarinmu na wani mai gyaran agogo ne, mutumin ƙasar Faransa, sunansa Luwis Martin. Shi ɗan Katolika ne. Bai taɓa tsayawa gaban jama'a ya yi wa'azi ba, bai rubuta littafi ba, bai kuwa riƙe wani matsayi cikin ekklesiya ba. Abin da ya sa a ke tunawa da shi, shi ne yadda ya riƙe gidansa bayan rasuwar matarsa, ga 'ya'ya mata biyar a hannunsa. Autarsu ita ce Tereza ta Lisieux, wadda a ke sa wa makarantu da majami'u sunanta ko'ina cikin duniya, har da ƙasarmu. Waɗansu daga cikin masu karatunmu za su ga al'adu a nan waɗanda ba irin na ekklesiyarsu ba ne, amma duk mai 'ya'ya zai gane labarin.

An haifi Luwis a birnin Bordeaux cikin shekara ta 1823. Ubansa hafsan soja ne. Ya yi girma a garin Alençon, ya koyi sana'ar agogo, amma zuciyarsa tana wani wuri dabam. A kan duwatsun da ke tsakanin Suwizalan da Italiya akwai wani gidan masu zuhudu, waɗanda aikinsu shi ne ceton matafiyan da su ka ɓace cikin dusar ƙanƙara. Sa'ad da ya ke da shekara 22 ya hau can ya roƙa a karɓe shi. Su ka ce sai ya iya Latin tukuna. Ya komo gida ya yi fama da karatun fiye da shekara guda, bai ci nasara ba, sai ya haƙura. A 1850 ya buɗe kantinsa na agogo a Alençon.

Ya daɗe bai yi aure ba. Sai a watan Yuli na 1858, yana gab da shekara 35, ya auri Zeli Guérin, mai saƙar leshi da allura, wadda ita ma ta taɓa neman shiga zuhudu a ka ƙi ta. Sana'arta ta yi albarka ƙwarai, har a 1870 Luwis ya sayar da kantinsa domin ya riƙa lura da lissafinta, yana kai mata kaya Paris. Ba kowane maigida ne zai yarda da wannan ba.

Kowace rana su biyu su kan tafi sujada da ƙarfe biyar da rabi na asuba, tare da ma'aikata da talakawa. Ran Lahadi kuwa kantin Luwis a rufe ya ke, ko da ya ke ran nan ne mutanen ƙauye su ke shigowa gari da kuɗi a hannu. An ba shi shawara ya riƙa buɗewa ko da da safe kaɗai, ya ƙi.

Allah ya ba su 'ya'ya tara, mata bakwai da maza biyu. Huɗu su ka mutu tsakanin 1867 da 1870: mazan nan biyu, da jaririya guda, da yarinya mai shekara biyar. A 1873 babbar 'yarsu Mariya ta kwanta da zazzaɓi mai tsanani, sai Luwis ya ɗauki sandarsa ya yi tafiya mai nisa a ƙasa, yana azumi, zuwa wani ɗakin addu'a a kan tudu domin ya yi roƙo saboda ita. Yarinyar ta tashi. Tun yana saurayi shi mai son tafiyar ƙasa ne, ya iya iyo, yana son kamun kifi da fatsa, kuma abin da ya kamo ya kan kai wa mata masu zuhudu na garin.

Kada mu ɗauka gidan nan ba shi da aibi. 'Yarsu ta uku, Leoni, mai wuyar sha'ani ce, har makarantar kwana ta komo da ita gida. Iyayen su ka yi shekaru suna mamakin taurin kanta. Ashe wata baranya ce a cikin gidan ta ke tsorata ta da duka a ɓoye, ta hana ta sauraron kowa sai ita. Ba a gane ba sai a 1877. Mutane biyu masu tashi addu'a tun da asuba, ga abu yana faruwa a ƙarƙashin rufinsu, ba su sani ba.

A shekaran nan kuma, ran 28 ga Agusta, Zeli ta rasu da ciwon daji a mama. Mariya tana da shekara 17, Paulina 15, Leoni 14, Selina 8, Tereza kuwa huɗu da rabi. Luwis bai sāke aure ba. Ya bar Alençon, inda abokansa da kaburburan 'ya'yansa su ke, ya ƙaura zuwa Lisieux, domin yaran su zauna kusa da kawunsu, wani mai sayar da magani, da matarsa. Ya kama hayar gida mai lambu a gefen gari. Leoni da Selina su ka shiga makarantar mata masu zuhudu, amma autar a ka bar ta a gida, kuma a nan ne ta yi karatunta har kusan shekara huɗu.

Ga yadda makarantar gidan ta ke. Uban bai zama malami ba, ya bar wa manya su koya wa ƙarama. Mariya ce mai koyar da rubutu, Paulina kuwa ta ɗauki sauran, har da tambaya da amsa na bangaskiya da labarun Littafi Mai Tsarki. Da safe a ke karatu. In an tashi, yarinyar ta kan hau bene da gudu zuwa ɗakin da uban ke zama yana karatu da addu'a, ta nuna masa makin da ta samu. A ƙarshen shekara a kan tara iyali duka a yi ranar ba da kyauta sosai, a karanta sakamako, uban ya miƙa kyauta da hannunsa, ko da ya ke 'yar makarantar guda ɗaya ce tak.

Paulina ta iya koyarwa. Wata rana Tereza ta damu da jin cewa ba ɗaukaka ɗaya kowa zai samu a sama ba, ta ga kamar waɗansu za su yi baƙin ciki ke nan. Paulina ta aike ta ta kawo babban tambulan na ubansu, ta ajiye shi kusa da ɗan ƙoƙon nan da mai ɗinki ke sa wa a yatsa. Ta cika su duka biyu da ruwa, ta tambaye ta wanne ne ya fi cika. Yarinyar ta duba, ta ga ba wanda zai ɗauki ƙari. Malamar nan ba ta kai shekara ashirin ba, kayan koyarwarta kuwa na cikin gida ne.

Rabon uban shi ne yamma. Kowace rana ya kan kama hannun yarinyar su fita yawo a ƙasa, su shiga wata majami'a su yi addu'a kaɗan, gobe kuma su nufi wata dabam. In sun gamu da mabaraci, ita ya kan ba kuɗin ta miƙa. Waɗansu ranaku ya kan tafi da ita bakin kogi, shi yana jefa fatsa, ita tana zaune a kan ciyawa. Wata rana hadari ya tarar da su a can, filin da za su ratsa ya jiƙe sharkaf, sai ya goya ta tare da kayan kamun kifinsa har su ka kai hanya, yana mutum mai shekara hamsin da wani abu. A 1878 ya kai su bakin teku a Trouville. Ran Lahadi da dare, in suna komowa daga gidan kawu, ta kan ɗaga kai ta nuna masa waɗansu taurari da su ka jeru kamar baƙin T, farkon sunanta. Mun lura ba a taɓa shirya wannan tafiya da sunan motsa jiki ba, ba a kuwa kira ta darasi ba, amma ta yi aikin duka biyu.

Da dare bayan abinci a kan yi wasan dara irin na Turawa, a karanta wani abu daga littafin da ke bayyana kwanakin shekarar ekklesiya, sa'an nan ƙananan biyu su hau gwiwarsa ya yi masu waƙa, gama yana da murya. Daga nan kowa ya durƙusa a yi addu'a, autar tana gefensa. Ta shaida daga baya cewa a majami'a ta fi kallon fuskar ubanta bisa ga mai wa'azi.

Amma makarantar gida tana da iyakarta, kuma an ga iyakar a 1881, sa'ad da a ka kai Tereza makaranta tana shekara takwas da rabi. Wajen karatu ta wuce tsararrakinta, har a ka sa ta ajin manya. Wajen wasa kuwa ba ta san kome ba. Yarinyar da a ke kira ƙaramar sarauniya a gida ba ta saba da ture-ture da ba'ar yara ba, abu kaɗan sai kuka. Ta ɗauki shekarun nan a kan mafi ɗaci cikin ranta, kuma a 1886 sai da a ka fitar da ita, a ka sa wata malama ta riƙa koya mata. A ganinmu Luwis ya shagwaɓa ta, kuma yawo da tsoho bai maye gurbin wasa da yara ba.

Sa'an nan 'ya'yan su ka soma tafiya. Paulina ta shiga gidan zuhudu na Karmel a Lisieux a 1882, Mariya ta bi ta a 1886. Wanda ya shiga wannan gida ba ya fitowa, sai dai a gaisa ta bayan tagar ƙarfe. Ran Fentikos na 1887 autar ta same shi a lambu ta roƙi izni ita ma, tana shekara 14. Ya yi hawaye, ya yarda. Da hukumomin ekklesiya su ka ce ta yi ƙanƙanta, shi da kansa ya kai ta Roma a watan Nuwamba, ta roƙi Paparoma Leo na 13. Ta shiga a watan Afrilu na 1888.

Ciwo ya riga ya taɓa shi tun watan Mayu na 1887, da 'yar shanyewar jiki wadda ta sake shi. Yanzu fa hankalinsa ya soma rikicewa. A watan Yuni na 1888 ya fita ba wanda ya sani, sai bayan kwana huɗu a ka same shi a Le Havre, bakin teku. Ran 12 ga Fabrairu 1889 a ka kai shi asibitin masu taɓin hankali a Caen, ya yi shekara uku a can. Mutanen gari ba su yi shiru ba. Waɗansu su ka ce 'ya'yansa ne su ka jawo masa, da su ka watse su ka bar shi, maganar kuwa ta kai kunnen 'ya'yan a bayan bango. Likitoci na yanzu suna ganin ciwon jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa ne. A lokatan da hankalinsa ya komo, ya san inda ya ke, ya karɓi abin ba gunaguni, ya kan raba abin da a ka kawo masa da sauran majinyata.

A watan Mayu na 1892 a ka komo da shi Lisieux, ƙafafunsa sun mutu. Mutumin da ya hau duwatsun Suwizalan, wanda yana shekara 62 ya yi tafiya har Istanbul, sai a keken guragu. An kai shi Karmel sau ɗaya ya ga 'ya'yansa uku. Magana ta yi masa wuya, da za a fita da shi sai ya nuna sama da yatsa. Selina ce ta ƙi tafiya ko'ina, ta zauna tana jinyarsa, har ya rasu ran Lahadi, 29 ga Yuli 1894, yana gab da shekara 71. Bayan wata ɗaya da rabi ita ma ta shiga Karmel. Leoni, bayan ta gwada sau uku ta kāsa, ta zauna daram a wani gidan zuhudu a Caen daga 1899 har mutuwarta a 1941. A 2015 Paparoma Faransis ya lasafta Luwis da Zeli cikin tsarkaka na Ekklesiyar Katolika, miji da mata a rana ɗaya.

Keken nan nasa an ba gidan Karmel. A 1897 tarin fuka ya tsananta wa Tereza har tafiya ta yi mata wuya, sai a ka riƙa tura ta a cikinsa zuwa inuwar itatuwan lambu. A kansa ta zauna cikin watan Yuni ta rubuta kashi na ƙarshe na tarihin ranta. Ta rasu ran 30 ga Satumba, tana da shekara 24.