Tunawa da Marigayi Ahmad S. Nuhu

Ranar 1 ga watan Janairun 2007, ana tsakiyar bukukuwan Babbar Sallah, Allah Ya yi wa Ahmad S. Nuhu rasuwa a haɗarin mota kusa da Azare ta jihar Bauchi, yana kan ganiyar ƙuruciyarsa. Mutumin Jos ne, amma a Kano tauraronsa ya haska, inda ya yi fice wajen fitowa a matsayin saurayi cikin finafinan soyayya na Hausa. Shaƙuwarsa da Ali Nuhu ta sa 'yan kallo da dama suka ɗauka wa da ƙane ne, alhali aminai ne. Ya rasu ya bar matarsa, 'yar wasa Hafsat Shehu. Ɗan Ali Nuhu, Ahmad, sunan marigayin ya ci.