Linus Pauling: ya yi da fensir abin da nake fama da shi a kwamfuta

Wata uku ke nan ina fama da ƙwayoyin ruwa guda biyu rak. Furojet ɗina ke nan: in sa kwamfuta ta lissafa ƙarfin da ke manne su da juna, wato ɗaurin haidirojin. Ran nan aka ɗauke wuta ana tsakiyar lissafi, batir ya mutu. Don haushi sai na ɗauko waya na hau karanta tarihin mutumin da sunansa ya cika babi na biyu na aikin nawa.

An haifi Linus Pauling a 1901 a Portland ta Amurka. Yana ɗan shekara 9 mahaifinsa ya rasu. Ya bar sakandare ba takardar shaida, ya shiga kwalejin aikin gona ta Oregon. Bayan shekara biyu ya jingine karatu don ya tallafa wa mahaifiyarsa, kwalejin ta ba shi koyar da kwas ɗin da bai daɗe da gamawa ba. Duk wanda ke haɗa karatu da neman na abinci a cikinmu ya san wannan halin.

Ya gama digiri na uku a 1925, ya tafi Jamus a 1926, shekarar da Schrödinger ya fito da lissafinsa na kwantam. Da wannan lissafin Pauling ya dawo kan sinadarai. Hujjarsa a 1928 ita ce: haidirojin gurbin ilektiron ɗaya gare shi, don haka ɗauri mai ƙarfi ɗaya kawai zai iya. Amma oksijin na janye masa ilektiron, sai ya rage da ɗan cajin da ke jawo oksijin ɗin maƙwabciyar ƙwaya. Ɗaurin ba shi da ƙarfi, kusan kilokalori 5 a kowane mol tsakanin ƙwayoyin ruwa biyu, amma ba don shi ba da ruwan randa tururi ne.

Wanda ya fi burge ni aikinsa ne na 1935 kan ƙanƙara. Kowane oksijin na da maƙwabta huɗu, haidirojin biyu kusa da shi, biyu can nesa. Ya zauna ya ƙirga hanyoyin da za su iya jeruwa, amsar ta zo kusan daidai da abin da aka auna a ɗakin gwaji. Wallahi lissafin bai cika shafi ba. Sai a 1968 aka fara yi wa ƙwayoyin ruwa biyu cikakken lissafin kwantam a kwamfuta.

Shi ma fa ya sha ƙasa. A 1953 ya buga cewa igiya uku ce a DNA. Watson da Crick suka nuna biyu ce, kuma abin da ke riƙe su shi ne ɗaurin haidirojin, fagen da ya fi kowa sani. Zancensa na bitamin C a ƙarshen rayuwa kuwa, likitoci ba su gamsu ba, ni ma haka.

Ya ci kyautar Nobel ta kemistiri a 1954, da ta zaman lafiya ta 1962 saboda yaƙi da gwajin makaman nukiliya. Ya rasu a 1994.

Da aka kawo wuta na sake tayar da lissafin daga farko. Ya ba ni 6.4, ya yi yawa, kuma saura sati biyu in kare aikin gaban malamai.