Grace Hopper, Tafintar Na'ura

Ɗalibin da ya koyi Excel da Faransanci a Damagaram, ran da ya zauna gaban kwamfutar abokinsa a Kano zai tarar SOMME ta koma SUM, SI ta koma IF, amma lissafin yana nan yadda yake. Cikin waɗanda suka fara nuna cewa ana iya sauya wa na'ura kalmomi haka ba tare da an taɓa aikinta ba, akwai Grace Hopper.

An haife ta a birnin New York na Amurka ranar 9 ga Disamba 1906. Ta sami digirin digirgir a fannin lissafi daga jami'ar Yale a 1934, ta koyar a kwalejin Vassar har yaƙin duniya na biyu ya kai ta rundunar sojan ruwa a 1943. Shekarar da ta biyo baya aka tura ta Harvard aiki da na'urar Mark I, wadda ake ba umarni ta hanyar huda ramuka a doguwar takarda.

A 1949 ta koma kamfanin da ke ƙera UNIVAC. A lokacin, mai tsara manhaja da hannu yake kwafo guntayen umarni daga littafinsa, kuskuren lamba ɗaya kuwa ya isa ya rushe aikin yini. A 1952 ta fito da A-0, manhajar da ke tattaro guntayen nan da kanta. Daga nan ta nemi a riƙa rubuta umarni da kalmomin Ingilishi, wata manhaja ta mayar da su lambobin da na'ura ke ganewa. Sakamakon shi ne harshen FLOW-MATIC.

Nan ne labarinta ya shafi masu nazarin harshe. Don nuna ƙarfin dabarar, ita da abokan aikinta sun rubuta umarni iri ɗaya da kalmomin Faransanci da na Jamusanci, na'ura ta bi. Shugabannin kamfanin ba su yi na'am ba, aka tsaya ga Ingilishi. Sai dai abin da aka musanya a gwajin ƙamus ne kawai. Ginin jimla da ma'ana ba su motsa ba, kuma a wurinsu ne harsuna suke rabuwa da gaske.

COBOL, wanda wani kwamiti ya tsara a 1959 bisa turbar FLOW-MATIC, ya isa misali. Yana da aikatau, da jimla mai ƙarewa da ɗigo, da sakin layi, domin an yi shi ne saboda albashi da ajiyar banki, yana riƙe kuɗi da lissafin goma-goma daidai wa daida. FORTRAN, da IBM ta fitar a 1957 don masana kimiyya, yakan ajiye guntun lamba da tsarin bibbiyu, inda kashi ɗaya cikin goma ba ya rubutuwa cif, sai dai a kusanta. Wanda ya juya manhajar albashi daga na farko zuwa na biyu kalma da kalma zai sami jimloli masu kyan nahawu, ƙarshen wata kuma a nemi tamma a rasa.

Ko cikin harshe ɗaya ba a tsira ba. A Disamba 1960 an gudanar da manhajar COBOL guda a kan UNIVAC II da RCA 501 da ɗan gyara kaɗan, amma ba a jima ba kowane kamfani ya ɓullo da nasa karin. A 1967 sojan ruwa suka dawo da ita daga ritaya don daidaita su, aikin da aka ɗiba wa wata shida. Ta jagoranci tsara gwaje-gwajen da ke tantance ko manhajar fassara ta bi daidaitaccen COBOL, ba ta tuɓe kaki na ƙarshe ba sai 1986, tana da shekara 79.

Ta rasu ranar 1 ga Janairu 1992, aka binne ta a maƙabartar sojoji ta Arlington.