Hugh Owen Thomas, Ɗan Maɗori da Ya Zama Likitan Ƙashi

A ƙasar Hausa ɗori sana'a ce ta gado. Idan mutum ya karye, akan kai shi gidan maɗora, inda uba ya koya wa ɗa yadda ake jan gaɓa a daidaita ƙashi, a jera karare a ɗaure. A Birtaniya ma an yi irin waɗannan gidaje, kuma daga ɗayansu ne aka sami mutumin da ake yi wa kallon uban aikin ƙashi na zamani a ƙasar.

An haifi Hugh Owen Thomas a shekarar 1834 a tsibirin Anglesey da ke yankin Wales. Ana ba da labarin cewa kakan mahaifinsa yaro ne da aka tsinta a bakin teku bayan wani jirgin ruwa ya nutse, ya girma a tsibirin, ya shahara wajen ɗora mutane da dabbobi. Sana'ar ta bi zuriyarsa har ta iso kan Evan Thomas, mahaifin Hugh, wanda ya koma birnin Liverpool yana ɗora ma'aikatan tashar jiragen ruwa. Evan gwani ne, amma ba shi da takardar shaidar likitanci, don haka likitocin birnin suka sa shi gaba, aka yi ta kai shi kotu. Wannan ya sa ya tura 'ya'yansa maza biyar su karanta aikin likita. Hugh ya yi karatu a Edinburgh da Landan, ya sami shaidar tiyata a 1857.

Da ya dawo gida ya soma aiki tare da mahaifinsa, amma zaman bai yi tsawo ba. Uban yana ji da gadonsa, ɗan kuma yana ji da karatunsa, kowanne ba mai saukar da kai ba ne. A 1859 Hugh ya buɗe wurinsa, a 1866 kuma ya koma gida mai lamba 11 a Titin Nelson, inda ya yi aiki har ƙarshen rayuwarsa.

Mutum ne ɗan ƙarami, siriri, mai baƙar riga da yake ɓalle maɓallanta har wuya, yana karkata hularsa don ta rufe idonsa ɗaya da ya sami rauni tun yana yaro. Da asuba yake fita zagayen marasa lafiya, ba ya tashi daga aiki sai tsakar dare. Ranar Lahadi yakan duba matalauta kyauta. Hutunsa a shekara bai wuce kwana uku ba, kuma ziyarar kabarin mahaifiyarsa yake yi a cikinsu.

Babban abin da ya yi imani da shi shi ne hutu: gaɓar da ta karye ko ta kamu da ciwo dole ne a hana ta motsi, ba tare da yankewa ba, har tsawon lokacin da take bukata. Domin a ga hikimar wannan, sai a san cewa ƙashi abu ne mai rai, yana da hanyoyin jini, yana kuma gyara kansa. Idan ya karye, jini yakan taru ya daskare a tsakanin ɓangarorin biyu. Cikin makonni kaɗan wani nama mai taushi, mai kama da guringuntsi, yakan tsiro ya haɗa su. Sannu a hankali sinadarin kalsiyam ya shiga cikinsa, ya taurare ya zama sabon ƙashi mai kumburi, daga baya jiki ya yi ta sassaƙe shi na tsawon watanni har ya koma kusan siffarsa ta asali. A lokacin da haɗin yake da taushi, motsi mai yawa yana iya tsinka shi, ƙashin ya ƙi kamawa ko ya kama a karkace. Maɗori ko likita ba shi ne ke haɗa ƙashi ba. Aikinsa ya daidaita ɓangarorin, ya tsare su, jiki ya yi sauran.

A zamanin Thomas, ƙwayar cutar tarin fuka takan shiga gwiwa da kwatangwalon yaran talakawa, likitoci da yawa kuma gaggawar yanke ƙafa suke yi. Shi ya ƙi wannan hanya. Ya ajiye maƙeri da baduku a gidansa, suna ƙera masa maɗaurai na ƙarfe da fata daidai da awon kowane majinyaci, yana kuma sa a fitar da gadon yaro waje ya sha iska da rana. Mafi shahara daga cikin abubuwan da ya ƙera zobe ne da aka naɗe da fata, wanda ake zurawa har gindin cinya, da sandunan ƙarfe biyu da suke gangarowa ta gefen ƙafa su haɗu a ƙasan tafinta. Ana ɗaure ƙafar a ja ta zuwa ƙarshen sandunan, sai ta miƙe, ta daina motsi. A 1875 ya wallafa littafi a kan cututtukan kwatangwalo da gwiwa da idon sawu, inda ya yi bayanin hanyoyinsa.

Sai dai manyan likitocin zamaninsa ba su karɓe shi ba, kuma gaskiya da nasa laifin. Harshensa yana da kaifi, ba ya sassauta wa wanda ya saɓa masa, littattafansa kuma ba a buga su ta hanyar da za su yaɗu ba. Ya rasu ranar 6 ga Janairu, 1891, yana da shekara 56. Talakawan Liverpool sun yi cincirindo wajen jana'izarsa.

Thomas bai haihu ba, amma ya riƙi Robert Jones, ɗan ɗan'uwan matarsa, ya koya masa aikin. Jones mutum ne mai fara'a da iya zama da jama'a, abin da marikinsa ya rasa. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, sojojin da harsashi ya karya wa cinya sun riƙa mutuwa da yawa tun kafin a kai su asibiti. Ƙashin cinya shi ne mafi tsawo da ƙarfi a cikin ƙasusuwa 206 na jikin baligi, kuma manyan tsokoki ne suke kewaye da shi. Idan ya karye, tsokokin sukan janye ɓangarorin su hau juna, bakinsu mai kaifi ya yi ta yankan nama da jijiyoyin jini duk lokacin da aka girgiza majinyaci a hanya. Jones ya matsa wa rundunar Birtaniya har ta soma amfani da maɗaurin Thomas daga 1916, aka koya wa masu ɗaukar raunana yadda za su sa shi tun a filin daga, ko da a cikin duhu. An ruwaito cewa mace-macen da wannan karaya take jawowa sun ragu daga kusan kashi 80 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 20. A lokacin Thomas ya yi shekara 25 a kabari.