WILLIAM BOOTH, MAI WA'AZIN DA YA SAMA WA MARASA GIDA MAKWANCI

Duk wanda ya taɓa sauka a babban birni ba shi da ɗan'uwa, ba shi da masauki, ya san abin da ya fi damun baƙo in rana ta faɗi, watau inda zai sa haƙarƙarinsa. Wannan damuwa ce ta zama aikin William Booth, wani mai wa'azin Kirista mutumin Ingila, wanda ya kafa ƙungiyar nan da ake kira Salvation Army, watau Rundunar Ceto.

An haife shi a garin Nottingham ran 10 ga Afrilu, 1829. Cikin 1842 mahaifinsa Samuel ya karye, aka cire yaron daga makaranta yana da shekara 13, aka kai shi koyon aiki a kantin mai karɓar jingina. Ba a jima ba uban ya rasu. A kantin nan ne William ya ga talauci ido da ido. Mace za ta kawo rigar fitar mijinta ran Litinin ta karɓi 'yan kuɗin abinci, ta fanshe ran Asabar in an yi biya, wata Litinin kuma ta sake dawowa da ita.

Yana da kamar shekara 15 ya kama addini sosai a ikilisiyar Methodist, ya fara wa'azi a bakin titi. Da ya gama koyon aiki sai ya shekara yana zaman kashe wando, saboda haka cikin 1849 ya tafi Landan neman abinci. Can ma bai sami komai ba sai wani kantin jinginar. Cikin 1852 ya bar kanti ya zama mai wa'azi sosai, a 1855 kuma ya auri Catherine Mumford, mace mai ilmi da ƙarfin hali, wadda ita ma daga baya ta shahara wajen wa'azi. Sun haifi 'ya'ya takwas.

Shugabannin ikilisiyarsa sun so ya zauna wuri ɗaya, shi kuwa yana son yawon wa'azi, don haka suka rabu cikin 1861. A watan Yuli na 1865 ya fara wa'azi cikin wani tanti a Whitechapel, unguwar matalauta a gabashin Landan. Masu sauraronsa su ne 'yan dako da mashaya da ɓarayi da karuwai, mutanen da ba su da tufar shiga majami'a. Waɗanda suka tuba sai ya mai da su ma'aikata, su koma su jawo 'yan'uwansu. Cikin 1878 ƙungiyar ta ɗauki sunan Rundunar Ceto, aka tsara ta kamar soja, da kaki da tuta da badujala, shi kuma ya zama Janar. Mata suna riƙe muƙami daidai da maza, abin da ba a saba gani ba a zamanin.

Ba su sha da daɗi ba. Masu gidajen giya sun ga ciniki yana raguwa, sai aka riƙa zuga 'yan iska suna jifansu da duwatsu da ruɓaɓɓen ƙwai, a wasu garuruwa kuma hukuma ta ɗaure su bisa laifin tare hanya. Duk da haka aikin ya ƙetare teku. Ya isa Amurka da Ostareliya a 1880, Faransa a 1881, Indiya a 1882, Afirka ta Kudu kuma a 1883.

Wani dare cikin hunturun 1887 Booth yana komawa gida ya ga mutane kwance a gadar kogin Thames, ba mayafi sai takardun jarida. Da gari ya waye ya tuhumi babban ɗansa Bramwell, da ya ji ɗan ya san da haka sai ransa ya ɓaci. Ya umarce shi ya nemo wani sito, a ɗumama shi, a samo abin rufa, amma kada a shagwaɓa kowa. Farkon 1888 aka buɗe gidan abinci da makwanci na farko a Limehouse, kusa da tashar jiragen ruwa. Ana karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, don mutum ya ci ya kwana da mutuncinsa. Daga baya aka buɗe wuraren sana'a inda wanda ba shi da ko kwabo zai yi aiki ya biya.

Ra'ayinsa shi ne, mai jin yunwa da sanyi ba ya da kunnen jin wa'azi. Cikin 1890, shekarar da matarsa ta rasu, ya fitar da littafi mai suna In Darkest England and the Way Out. A ciki ya ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin goma a ƙasar, wajen miliyan 3, ya nutse cikin tsiya. Ya kawo misalin dokin da ke jan keken haya a Landan, wanda yake da abinci da wurin kwana da aikin yi, in ya faɗi kuma a tashe shi ba tare da an tambayi laifin wane ne ba. Abin da ya nema wa ɗan Adam ke nan. Ya roƙi fam 100,000, aka samu cikin 'yan watanni.

Da kuɗin ya sayi gona a Hadleigh cikin 1891 don koya wa marasa aiki noma. A shekarar kuma ya buɗe masana'antar ashana, domin a lokacin ana yin ashana da wani farin sinadari mai guba da ke ruɓar da muƙamuƙin mata ma'aikata. Tasa masana'antar ta yi amfani da jan sinadari mara wannan lahani, ta kuma biya lada mafi tsoka. Daga 1910 doka ta hana farin a Ingila.

Bai rasa masu suka ba. Masanin kimiyya Thomas Huxley ya rubuta a jarida cewa haɗari ne a damƙa dukiya da iko haka a hannun mutum ɗaya. Kwamitin bincike ya wanke shi game da kuɗi cikin 1892, amma zancen riƙon kama-karya yana da ƙamshin gaskiya, don uku daga cikin 'ya'yansa sun bar rundunar saboda saɓani. Shirinsa na kafa ƙauyukan noma a ƙasashen waje kuma bai tabbata yadda ya so ba.

A ƙarshen rayuwarsa ya makance. Ya rasu ran 20 ga Agusta, 1912, yana da shekara 83, rundunar kuwa tana aiki a ƙasa 58. Mutum wajen 150,000 suka zo ganin gawarsa, wajen 40,000 suka halarci addu'ar jana'izarsa, har da Sarauniya Mary.

Shekara takwas bayan haka, cikin 1920, rundunar ta sauka Ikko, daga nan ta bazu musamman a kudancin Nijeriya, ta buɗe majami'u da makarantu da asibitoci. Yau tana cikin ƙasashe fiye da 130, kuma a birane da yawa har yanzu ƙofarta ce wanda dare ya yi wa ba masauki yake ƙwanƙwasawa.